Muryar Auta a Cikin Kaset

Ɗan kawuna, wanda duk gida ke kira Auta, ya fara hawa dandamali yana shekara bakwai. Yanzu shekararsa talatin da ɗaya, gemunsa ya isa a share tsakar gida da shi, amma har yau da gajeren wando yake fita gaban jama'a.

Su biyar ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Yaya Babba na kaɗa jita, tagwaye mata na amshi, mai bi musu na dukan ganga kamar ta zage shi. Auta ke rera waƙar da ta fito da su, wadda yaro ke roƙon mahaifiyarsa ta buɗe masa ƙofa. Muryarsa a lokacin siririya ce, in ya ja ta sama sai tsofaffi sun nemi hankici. Kawu shi ne manaja, shi ne direba, shi ne alƙali. Farar bas ɗinsu ta zaga gari ɗari. Ni dubu nake cewa, wanda bai yarda ba ya je ya tambayi tayoyin.

Yana shekara goma sha huɗu muryar ta fashe. Ya kwanta da sarewa a maƙogwaro, ya tashi da injin niƙa. Kawu ya ɗura masa zuma, ya hana shi ruwan sanyi wata uku. Da abin ya ƙi, sai ya ɗauko kaset ɗin da aka ɗauki muryar can baya, ya ce, "Kai dai motsa baki. Zuwa ƙarshen wannan zagayen kawai."

Shekara goma sha bakwai ke nan zagayen bai ƙare ba. Masu kallo sun san kaset ne, kuma haka suke so.

Ni aikina in leƙa ɗakin canza kaya in ce, "Jariri mai gemu, an shafa maka hoda?" Shi kuma ya jefe ni da takalmi. Amma na san abin da ke cin sa: so yake ya yi waƙa sau ɗaya da muryar da Allah ya bar masa. Ya cika littafi biyu da waƙoƙinsa, yana rera su in yana wanke bas. Wallahi muryar ba laifi, ko da yake ban taɓa gaya masa ba. In ya roƙi Kawu, amsar ɗaya ce: "Yaron suka zo ji."

Wata Asabar da la'asar, a zauren wata makaranta, ana tsakiyar waƙar kaset ya tsinke. Wuri ya yi tsit. Kawu na duƙe bayan labule yana zaro zaren kamar hanjin kaza. Yaya Babba ya dubi Auta, ya ci gaba da kaɗa jita. Auta ya riƙe makirfo hannu biyu, ya ɗora daga inda aka tsaya, da muryar kansa.

Baiti ɗaya ya samu. Sai wata tsohuwa a sahun gaba ta miƙe ta ce, "Malam, rufe mana baki. A dawo mana da yaronmu!" Zaure ya ɗauki dariya, ana buga kujeru ana cewa, "Yaron! Yaron!"

Auta ya dube ni, ni kuma na dubi silin.

Kawu ya manne zaren da jan farcen tagwaye, ya naɗe shi da biro. Aka sako daga farko. Auta ya gyara wandonsa, ya buɗe baki, muryar ɗan shekara bakwai ta fito. Tsohuwar ta zauna tana share hawaye.

A bas na matsa kusa da shi, na ce, "Taubashi, baitin nan da ka yi…"

"Bari," in ji shi, yana kallon taga.

Kawu ya leƙo mu ta madubi, fuskarsa fal murna. "Gobe za a juye mana waƙar a waya," ya ce. "An ce wannan ba ta tsinkewa."