Bindigar Yaya da Rumbun Gero

Dutse

Ƙarfe shida saura kwata, bayan sallar asuba, na bar gida a Yalwawa. Yayana ya rasu, lasisin bindigarsa ta farauta ya bi shi. An ba mu zuwa ƙarfe huɗu na yau mu miƙa ta a ofishin 'yan sanda na Dutse, in ba haka ba matarsa, Yaya Hajjo, ta zama mai ajiye makami ba izini.

Motar Jahun ba ta cika ba sai bakwai da rabi. Mu huɗu a baya, gwiwata na ta ƙara.

Bayan Jahun

Tara da kwata na sauka, na sha koko a tsaye, na hau Keke Napep zuwa ƙauyenmu.

Yaya Hajjo ta fito da bindigar naɗe a tabarma. Ƙirar tsohuwar bindigar sojan Jamus ce mai cin harsashi biyar, aka rage mata nauyi, aka goge kotar don mafarauta. Na ga irinta a Chadi da Sudan, ban ga wadda aka kula da ita haka ba. Sai dai ƙarfen da ake ja a ɗana harsashi babu shi, kuma lambarsa dole ta dace da ta jikin bindigar.

"Yaya, ina ƙarfen?"

"Ai Malam bai taɓa barin su su kwana ɗaki ɗaya ba. Yana rumbu."

"Ta sama?"

"Can ƙasa, Alhaji. Kafin kaka ya sa shi, aka jera gero a kai."

Maƙwabta biyu suka ɗage jinkar. Dami bayan dami muka sauke, ƙaiƙayi har cikin wuya. Sha biyu da rabi aka ciro tsohuwar safa, ƙarfen na ciki, shafe da man shanu. Yaya Hajjo ta shinshina safar, ta koma ɗaki.

Hanyar dawowa

Direba ya dubi tabarmar. "Baba, wannan ba rake ba ne."

"Ba rake ba ne. Ga takarda."

A shingen kusa da Kiyawa aka sauke mu duka. Minti arba'in ɗan sanda na karanta takardun, fasinjoji na harara ta. Hausa ta ƙare mini, na koma Turanci. Wata Bafulatana ta zage ni a hankali, na ba ta haƙuri da Fulatanci.

Dutse kuma

Huɗu saura minti goma na shiga ofis. Jami'in ya haɗa lambobin biyu, ya sa hannu.

"Baba, wa ya koya wa mai bindigar nan shafa man shanu?"

"Babanmu."

Na isa gida da magariba hannu wofi, tafina na ƙanshin man. Na gode wa Allah, na gode wa mutanen nan biyu da na baro suna mayar da geron Yaya Hajjo cikin rumbu.