Kyarketan Yaya Habu a Cikin Kwali

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Habu, amma har yau in na ji ƙarar salatif ana liƙe kwali a sitonmu na unguwar Baiyun a birnin Guangzhou, sai in ga kamar zai leƙo ya ce a dakata, bai gama rubutu ba. Allah Ya jiƙansa. Ba kuka na zo yi ba, don mutumin da nake tunawa bai iya zama da mai ɗaure fuska ba.

Sana'armu sayen takalma da jakunkuna a Guangzhou mu aika Kano. Akwai lokacin da takardun zama suka riƙe shi shekara biyu bai leƙa gida ba. 'Yarsa Rukayya, tana da shekara bakwai a lokacin, ta daina karɓar waya. In mahaifiyarta ta miƙa mata, sai ta ce wasa take yi. Abin ya ci masa rai ƙwarai. Ya faɗa mini ƙarara cewa tsoronsa ɗaya ne, ya koma gida yarinyar ta gaishe shi kamar baƙo.

Wata rana muna cin taliya a gidan abincin Musulmin China, talabijin ta nuno kyarketai a bakin teku. Ko kalma ɗaya ba mu ji ba, amma Yaya Habu ya bar taliyarsa ta huce. Bai huta ba sai da wani ɗalibin likitanci ɗan Damagaram ya nemo shirin ya fassara masa. Ashe a gaɓar yammacin Kanada suke, cikin dajin da ruwa ke sauka kusan kullum, itatuwa duk sun sha gansakuka. Suna iyo daga tsibiri zuwa tsibiri. Suna tare wani kifi mai jan nama in ya baro teku ya hau rafi, kuma sau da yawa kan kawai suke ci. Yaya Habu ya ce lalle waɗannan 'yan gidanmu ne, don mu ma a kan kan kifi muke faɗa. Abin da ya fi kama shi kuwa, uwa tana renon 'ya'ya a ƙarƙashin saiwar tsohuwar bishiya, uba da sauran dangi su yi nisa neman abinci, su dawo musu da shi.

Daga nan ya tsiri wata ɗabi'a. Duk sanda za mu loda kwantena, sai ya zaɓi kwali ɗaya, ya cika cikin marfinsa da labarin wani ɗan kyarkeci, da maka, alƙalamin nan mai kauri da muke rubuta sunan mai kaya da shi. A waje ya zana kyarkeci don a gane kwalin. Gaskiya zanen ya fi kama da akuya mai ciwon baya, na kuma sha faɗa masa. Jirgin ruwa ya tashi daga tashar Huangpu, bayan wata biyu ko fiye yayarmu da ke kula da shagonmu na Kano ta yanke marfin ta kai wa Rukayya. Sau biyu aka yi haka, yarinya dai ta ci gaba da ƙin karɓar waya.

A karo na uku ne mai siton, wani dattijon Basine da muke kira Lawban, ya yi mana alherin da ba mu roƙa ba. A nan kowane ɗan kasuwa yana da alamar da yake sa wa kayansa, sai ya ɗauka akuyar nan sabuwar alamarmu ce. Ya sa aka sassaƙa hatiminta, ya bi kwalayenmu kaf ya buga, yana murna zai burge mu. Da Yaya Habu ya tambaye shi ina kwalin labari, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Meyo," wato babu. An riga an rufe kwantena. Na yi dariya har na zauna a ƙasa, shi kuwa kwana biyu bai yi mini magana ba.

Da kaya suka isa Kano, yayarmu ta ce ita ba za ta iya neman kwalin a cikin wannan tarin ba. Rukayya ce ta kafe. Kwana uku tana tsaye a kan ma'aikatan shago ana farke kwalaye har aka samu. Labarin ya tsaya ne ɗan kyarkeci yana tsakiyar ruwa, ubansa na kuka a ɗaya gaɓar yana kiransa. Ranar ita ce ta kira da kanta, ina zaune kusa da Yaya Habu.

"Baba, ya haye ko bai haye ba?"

"Sai jirgi ya iso, uwata."

"A'a, ka faɗa mini yanzu."

Sun fi awa suna magana. Ban taɓa ganin farin ciki irin na fuskarsa ba, kuma ni ma sai da na share ido.

Ina yawan tunanin me zai ce da ya ga yau. Yara na kallon kyarketan nan a waya cikin daƙiƙa, kaya kuma jirgin sama ke kai su cikin 'yan kwanaki. Na san zai yi mita ya ce an kashe daɗin jira, sannan ya fi kowa danna wayar.

Bai bar dukiyar a zo a gani ba, ciwon da ya ɗauke shi ma bai ba shi lokaci ba. Bana Rukayya ta zo karatu wata jami'a a nan garin. A hanyarmu daga filin jirgi na ce mata ina jin takaicin ƙarancin zaman da ta yi da shi. Ta juyo ta dube ni.

"Baffa, ƙawayena da yawa ubanninsu na gida kullum, amma ba su san su kamar yadda na san nawa ba."