Malam Danna Ya Nemi Jami'a

Sunan da mahaifina ya raɗa mini yana nan a katin shaida, amma a layinmu, har matata idan tana son in juyo da sauri, Malam Danna ake ce mini. Shagon kwamfuta gare ni, ɗaki guda tsakanin shagon tela da na mai fenti. Tebur biyu ne a ciki, sai firinta mai cin takarda idan ta ga dama, da fanka wadda ƙararta ta fi iskarta, da bencin masu jira. Duk wanda ya shigo da tambaya, amsata ɗaya ce: bari in danna mu gani. Daga nan sunan ya bi ni.

Da na gama sakandare na nemi jami'a sau ɗaya. A lokacin a jikin allo ake manna sunaye. Na kutsa cikin cincirindo, na karanta takardun daga sama har ƙasa sau uku, har wani ya taka mini silifa ya tsinke. Na dawo gida da takalmi ɗaya a hannu, ba suna. Na ce wa mutanen gida dama ni karatun bai dame ni ba. Kawuna ya kai ni wurin wani mai buga wa mutane takardu da tafireta a bakin kotu, na yi shekara goma sha ɗaya a can ina buga ƙorafin jama'a. Da kwamfuta ta zo na koya, na buɗe shagona, na yi aure, muka haifi 'ya'ya huɗu.

Lokacin fitar da sunaye shi ne kakar shagona. Yara su cika benci, kowa da takardar jarrabawarsa a ninke, in karɓi lamba in danna. Wanda ya samu in buga masa takardar gurbinsa, wanda bai samu ba in yi masa jawabi. Jawabin nan na haddace shi kamar karatu: rabon kwaɗo ba ya hawa sama, akwai rukuni na biyu, ka je gida ka ci abinci ka daina damun kwamfuta, yawan dubawa ba ya fito da suna. Har alfahari nake yi da shi. Ina ganin a duk garin babu wanda ya kai ni sanin haƙuri.

Shekarar da autarmu ta gama sakandare ina da shekara hamsin da bakwai. Ni na cike mata fom. Da ta tafi, rana ta yi zafi, ba kowa a shago, sai na ga hannuna ya buɗe wani sabon fom ɗin. Na ce bari dai in ga yadda sunana zai zauna a ciki. Ya zauna daram. Na zaɓi karatun lauya, don zaman bakin kotu ya sa ina jin ni rabin lauya ne, saura rabin kawai zan je in ƙaraso. Gurbin zaɓi na biyu kuwa ko karantawa ban yi ba, na danna abin da ya zo.

Ban gaya wa kowa ba. Littattafan Auta nake ɗauka ɗaya bayan ɗaya in ɓoye a aljihun tebur, ita kuma tana zargin yayunta. Ranar jarrabawa na ce zan je sayo tawadar firinta. A ƙofar zauren mai tsaron jarrabawa ya tare ni cikin ladabi, ya ce iyaye a waje suke jira. Na miƙa masa takardata. Ya dubi hoton, ya dubi furfurata, ya ce gemu ba ya hana ilimi, ya nuna mini kujera tsakanin wasu 'yan mata biyu da suka gaishe ni da “ina kwana, Baba.” Makina ya fito ba yabo ba fallasa. Na haddace lambata, na tura takardar ƙarƙashin tiren firinta inda ba mai taɓawa.

Jami'a ta ce sunaye za su fito ƙarshen wata. Tun ran sha biyu ga wata na fara dubawa. Da safe kafin in share shago in danna, bayan kowane kwastoma in danna, in tashi zan sha ruwa in dawo daga bakin ƙofa in danna. Rubutun da ke fitowa iri ɗaya ne kullum, wai babu gurbi ga wannan lamba tukuna. Kalmar “tukuna” ɗin nan ita ta riƙe ni. Ni da nake dariyar masu jita-jita, wani direba ya ce mini ya ji ranar Laraba ƙarfe huɗu za a saki sunaye, na hana kaina abincin rana na zauna ina kallon agogo. Huɗu saura minti biyar aka ɗauke wuta.

Rukunin farko ya fito ran uku ga sabon wata. Auta ta samu karatun haɗa magunguna. Na yi murna ta gaskiya, har ƙwalla na share da hular kaina, na buga takardarta kwafi biyar ba tare da an tambaye ni ba. Da ta ruga gida ta kai albishir, na jawo ƙofa na danna tawa lambar. Babu gurbi tukuna.

Daga ranar na fara ramewa. Matata ta lura ina juya cokali a kofin da ba shayi a ciki, ta ja ni kantin magani aka auna jinina, aka ce lafiya lau. Ta ce to in ba hawan jini ba ne, in faɗa mata wanda na yi wa laifi. Na ce aiki ne ya yi yawa. Yara kuma suna ta zuwa, ina yi musu jawabin haƙuri da baki, idona kuwa yana kan kwamfuta.

Ciki ba don abinci kaɗai aka yi shi ba, amma nawa ya cika, sai na fasa wa Tela, maƙwabcina na shekara goma sha biyar. Ya saurare ni da allura a baki. Da na gama ya cire ta, ya gyara zama, ya karanto mini jawabina tun daga kwaɗo har yawan dubawa, ko kalma ɗaya bai tsallake ba, don ta bango yake jin sa kowace shekara. Ban taɓa sanin jawabin yana da ban haushi haka ba. Na gaya masa. Ya ce ai dama wanzami ba ya son jarfa.

Aka ɗage rukuni na biyu da mako biyu, sannan ya fito, babu ni. Na fara shirya abin da zan gaya wa kaina.

A mako na bakwai Auta ta zo buga takardun rajistarta. Firinta ta cinye takarda kamar yadda ta saba, ni kuma ina waje ina sallamar wani. Da na dawo na tarar ta zare tiren gaba ɗaya, tana riƙe da wata takarda mai hotona, na sha tabarau na ɗaure fuska kamar alƙali.

Ta ce, “Baba, wannan ɗalibin kamar na san shi.”

Na ce na wani kwastoma ne mai kama da ni. Ba ta ko yi dariya ba, ta zauna a kujerata ta ce in faɗo lambar da nake dubawa. Na faɗo ta da ka, da isa irin ta wanda ya danna ta sau ɗari bakwai. Ta dubi takardar ta ce in maimaita ƙarshen. Na ce shida, takwas.

“Takwas, shida ne a nan, Baba.”

Ta danna da yatsa ɗaya. Sunana ya fito cikakke, wanda mahaifina ya raɗa mini. Tun rukunin farko yake nan, rana ɗaya da nata. Mako bakwai ke nan ina zullumin lambar da watakila ba ta kowa ba ce. Ba lauya suka ba ni ba, zaɓi na biyu ne, karatun kula da laburare, kuma saura kwana biyu a rufe karɓar gurbin. Na ɗauki tiren firinta na riƙe, na ce mata ai dama ina sane, gwada ta nake yi.

Kafin in kai gida labari ya riga ni. Matata ta yi dariya har ta zauna a dandamalin ƙofa, sannan ta tashi ta goge mini riguna uku, ta ce ɗalibi ba ya zuwa makaranta a yamutse. Yayun Auta suka nemi a biya su zargin littattafai da aka yi musu. Tela kuwa har yau Lauya yake kirana.

Yanzu ina aji biyu. Da safe makaranta, da yamma shago. Karatun ya shige ni fiye da yadda na zata, har na jera kayan ƙamshin girkin matata bisa tsarin haruffa, ta kafa mini dokar shiga kicin. A zangon farko na ci darussa biyar na faɗi ɗaya, na kwamfuta, saboda na tsaya gardama da tambayoyin maimakon in amsa su. Zan sake shi bana. Auta ta yarda za ta riƙa yi mini bita ranar Asabar, da sharaɗin idan tana magana in yi shiru.