Ƙoton Aki Rohandi

A ƙauyenmu, duk wanda ya riƙe sandar fatsa yana ƙarami, daga hannun Aki Rohandi ya karɓe ta (Aki a yarenmu kaka ke nan). Tsoho ne siriri mai ɗan doro, laka ta gama tsattsaga masa ƙafa. Tafkin da yake kiwon kifi yana tsakanin gonar shinkafarsa da rumfar da nake soya ayaba, don haka babu abin da ya wuce idona. Ni kuwa Allah bai yi ni da haɗiye magana ba.

Aki ba ya miƙa wa yaro ƙoto sai ya dube shi sama da ƙasa. Ɗan mitsitsin da majina ba ta gama bushe masa ba, curin dusa da dafaffiyar shinkafa yake samu, a ƙaramar ƙugiyar da aka goge wa haƙori da dutse. Ƙananan karfasa ne ke kula ta, su kuwa ba sa sa mutum jira. Wanda ya shiga makaranta a ba shi tana. Wanda ya iya iyo shi ke samun ƙwan jan tururuwa, wanda Aki ke kakkaɓowa daga bishiyar mangwaro, yana shan cizo yana zagin kakanninsu. Kwaɗo da hanjin kaza kuwa, ko ɗan wane ne kai ba za ka gan su ba, don abincin tarwada ne. Yana da wata dabara kuma: in ya san yara za su zo, sai ya hana kifin abinci tun jajibiri, gari na wayewa su yi ta rububin ƙugiya. Shi ya sa ba a taɓa jin yaron da ya bar tafkin nan hannu rabbana ba.

Ba a banza ya tsani kwaɗo ba. Tun yana da ƙarfinsa, ɗansa Dudung, wanda ko kaciya ba a yi masa ba, ya kafa kuka sai an sa masa kwaɗo irin na manya. Uban ya sa masa don a zauna lafiya, ya juya ya ci gaba da aikinsa. Tarwada ta fizga, yaro ya ƙi sakin sanda, gaɓa kuma santsi, sai gawarsa aka ciro daga ruwa. A gaban yayarsa Nengsih aka yi, ita ma tana ƙarama. Daga ranar ba ta sake kiran uban Abah, wato Baba, ba, in magana ta kama sai ta faɗa tana kallon bango. Aki ya kwashe ruwan tafkin ya kashe tarwadar, amma tarwada ba ta jin kora, duk damina sai ta biyo magudanar gona ta dawo. Sai ya koma cika musu ciki da hanjin kaza don su kwanta a ƙasa su ƙyale yara.

Nengsih ta yi aure a birnin Bandung ta haifi namiji, Gilang. Aki bai san shi ba sai a hoton waya. Burinsa ɗaya a duniya shi ne jikan nan ya zo ya kama kifi da hannunsa, ya koma ya addabi uwarsa sai an dawo da shi. Cewa yake yi yaron da kifi ya taɓa girgiza wa sanda, ba mai raba shi da bakin ruwa.

Wata shekara Nengsih ta aiko cewa suna tafe washegarin ƙaramar Sallah. Aki ya ɗauke wa kifi abinci, har da hanjin kazan. Ba su zo ba, wai mijin bai samu hutu ba, sai jibi. Jibi ta zama mako mai zuwa, mako mai zuwa ya zama in Allah ya yarda. Shi kuwa bai watsa ko ƙwayar dusa ba. Na same shi na ce, "Aki, azumi ya wuce, su kifin nan ramuwar wa suke yi?" Ya ce in ya ba su yau baƙi suka sauka gobe, wa zai kalli ƙoton yaron? Na ce wannan wauta ce tsagwaronta. Ya ce in je in ji da kaskona.

Wata safiya na ga ya jefa ɗan curin dusa don gwaji. Ruwan da ya saba tafasa da karfasa ya yi tsit. Can sai wani ƙaton baƙin kai mai gashin baki ya ɗago ya haɗiye curin. Yunwa ta sa tarwada sun cinye ƙananan kaf. Kafin ya tashi daga tsugunnon, mota ta tsaya a bakin hanya.

Gilang ya fito da fararen takalma, bai gama gaisuwa ba ya ce shi fatsa zai yi. Aki ya daɗe yana kallon ƙorensa na dusa da tana da ƙwan tururuwa. Tarwada mai yunwa ba ta zaɓe, duk wanda ya sa ita za ta zo. Ya shiga bukka ya fito da sanda, ya jefa zaren da kansa, sannan ya damƙa wa yaron, ya zauna a bayansa riƙe da bakin rigarsa. Nengsih ta ƙi zama, ta harɗe hannu a gindin ayaba.

Har la'asar totuwar da ke kan zaren ba ta motsa ba. Yaron ya ajiye sandar ya ce, "Aki, tafkinka ba kifi. Mama, mu tafi gida."

Tausayin tsohon nan ya kama ni har ayabata ta ƙone. Nengsih ta ɗauki sandar ta janyo zaren. Babu ƙoto, babu ƙugiya, 'yar tsakuwa ce ɗaure a baki. Ta kalli tsakuwar, ta kalli baƙin bayan da ke juyi a ƙarƙashin ruwa, sannan ta kalli ubanta ido cikin ido.

"Abah," ta ce, "ka ci abinci kuwa?"

Hawaye suka zubo masa.

Bayan nan ta riƙa leƙo shi, amma ita kaɗai. Gilang ya ce ba ya zuwa garin da ba kifi. Aki ya sake kwashe ruwa, ya zuba sababbin karfasa, duk ranar da aka ce tana tafe sai ya kwaɓa dusa ya zauna yana kallon ƙofar mota. Damina ta biyu tari ya kwantar da shi, bai tashi ba.

Ranar jana'iza dole aka zo da yaron. Na ba shi soyayyar ayaba don ya bar damun uwarsa, ya tafi bakin tafki yana gutsura yana jefawa. Ruwa ya hau tafasa. Ya dawo da gudu ya ja mata mayafi a cikin masu ta'aziyya.

"Mama, ashe akwai kifi. Me ya sa Aki bai gaya mini ba?"

Ni ce na ja hannunsa muka koma rumfa.