Duwatsun da Ke Tafiya a Gonar Mama

Gonar mahaifiyata tana gindin tudu, bayan garin Zuru. Samanta jar ƙasa ce mai tsakuwa, tsakiya jigawa inda dawa ke yi, can ƙasa kuma baƙar laka mai riƙe ruwa har bayan damina. Da wannan dawa take ci tun rasuwar mahaifina. Sama da mu gonar wani tsohon soja ce, muna ce masa Baba Saje. Jerin duwatsu ne mai lanƙwasa ya raba mu, tsayin gwiwa.

Lokacin ina aikin rediyo, nakan zo gida sau biyu a shekara. Aikin ya koya mini kada in yarda da abin da ban auna ba, sai na auna. Daga gindin ɗorawarmu zuwa duwatsun, taku arba'in da biyu. Bazara ta gaba, talatin da tara. Ga ramukan da duwatsun suka tashi, ko ciyawa ba ta rufe su ba.

Na faɗa wa Mama tana tankaɗe.

"Kowace shekara Baba Saje yakan taɓa su," ta ce.

"Kin sani kika yi shiru?"

"Babanka ma shiru yake yi."

Na ɗauka tsoron kakin da Baba Saje ya tuɓe take ji har yanzu. Na hau na same shi yana gyaran kunya.

"Baba, sannu da aiki. Duwatsun nan tafiya suke yi?"

Ya dafa fartanya ya dube ni. "Ɗan rediyo, labari ka zo ɗauka? Ruwa ke tafiya, ni binsa nake."

"Cikin gonarmu kaɗai yake tafiya?"

"Ka taɓa ganin ya hau tudu?"

Shi ya yi dariya, ni ban yi ba. Washegari na kwashe duwatsun, na jera su a taku arba'in da biyu, miƙe sak kamar an ja igiya. Yana tsaye yana kallo bai ce uffan ba. Shirun ma na ɗauke shi shaida.

Na dawo cikin Agusta. Ruwan tudun ya taru bayan miƙaƙƙen layina, ya fasa ta tsakiya. Kwazazzabo ya ratsa jigawar, ya kwashe yashi da dawa ya zube kan laka, marmara ta fito tsirara. A nan na gane amfanin lanƙwasar da na rushe: ita ke karkatar da ruwan zuwa rafin gefe.

Mama ta zo ta duba wurin. "Ka gama awon? Je ka roƙi Baba Saje ya nuna maka inda za ka ajiye duwatsun."

Kwana uku ina ɗaukar dutse, yana nuni da sanda. "Nan. A'a, ɗan rediyo, matsa ƙasa kaɗan." Da muka gama, na bari ya juya baya na auna. Talatin da bakwai.

Rumbun Mama bai kai rabi ba a shekarar. Damina ta gaba ruwan ya bi gefe, dawa ta yi. Amma bayan duwatsun, inda ƙasa mai laushi ke kwanciya, Baba Saje ya shuka barkono. Har yau ban san taku nawa ruwan ya nema ba, nawa kuma shi ya ƙara.