Baƙin Dutsen Jaswantlal

Jaswantlal Choksi bai taɓa yarda da abin da bai goga a dutse ba. Shagona na sarƙoƙin azurfa yana jingine da nasa a kasuwar Manek Chowk, katako ɗaya ne tsakaninmu, saboda haka duk abin da zan faɗa a kunnena aka yi shi, ba kuma da son raina ba.

Gwajin zinariya gado ya yi daga ubansa, haɗe da baƙin dutsen, da kwalbar asid, da ɗaure fuska. Uban dai yakan yi dariya sau ɗaya a shekara, ranar bikin Diwali. Jaswantlal ya duba ya ga babu riba a ciki, ya bari. Ranar aurensa, ana tsakiyar kiɗa, ya zare awarwaro daga hannun amarya ya goga a dutsen da ya taho da shi cikin aljihu. Zinariyar ta fito da kyau. Surukansa ba su ƙara taka gidansa ba, shi kuwa ya sa wannan a cikin ribar auren.

Aikinsa ya iya shi, ba zan ci haƙƙinsa ba. Mace ta kawo ɗan kunnen kakarta tana kuka, sai ya goga, ya ɗiga asid, ya auna, ya ce, "Hawaye ba ya hawa sikeli, baiwar Allah." A wurinsa zinariya abu biyu ce, nauyi da tsarki. Saura duk surutun mutanen da ba su da dutse ne.

Yana da ƙanwa ɗaya, Kokila. Ta auri wani akawun banki mai sanyin hali, Niranjan, wanda Jaswantlal yake kira Malam Takarda har a gaban idonsa. Abin da Niranjan yake so a duniya shi ne sababbin ƙwandalolin zinariya, irin waɗanda ake buga 'yan kaɗan don masu tarawa. Masana a ƙasar waje su duba su da madubi, su ba su maki, su rufe kowace a cikin gidan roba mai garai-garai. Saba'in ne ƙarshen maki, ma'anarsa babu hannun da ya taɓa ta tun fitowarta daga maƙera. Ta sauko da maki ɗaya tak, farashi ya karye.

Ciwo ya cinye tarin ƙwandalolin Niranjan kafin ya cinye shi. Guda ɗaya ya hana a sayar, mai hoton damisa, mai saba'in cif. Bayan rasuwarsa mai gidan da suke haya ya ce zai sayar da ginin, kowa ya sayi ɗakinsa ko ya kwashe kayansa. Wani mai tara ƙwandaloli a Mumbai, Batliwala, ya taya damisar ta waya ninki uku na kuɗin nauyinta, daidai kuɗin ɗakin. Sai dai a wurinmu matar da mijinta ya mutu ba ta sayar da zinariya a bayan idon yayanta, balle yayan da gwaji ne sana'arsa. Kasuwa za ta yi da ita. Don haka aka sa ciniki a shagon Jaswantlal.

Kokila ta riga mai saye zuwa, cikin farin sari na takaba, ta kwance ƙullin ta ajiye a gaban yayanta. Ya juya robar, ya ƙwanƙwasa ta da farce.

"Wannan ce gadon Malam Takarda? An sa ta a kurkuku, me ta sata?"

"Yaya, haka ake sayar da ita. Ba a buɗewa."

"Ba a buɗewa. In ji wa?"

"In ji shi. Ya ce ko numfashi kada a yi a kanta."

"Shi ya ce. Mutumin da aka sayar wa agogon da ba ya tafiya, ya yi godiya. Ke, kin san abin da ke ciki? In tagulla ce fa? Baƙo ya zo daga Mumbai ya kama jabu a shagon Choksi, sunan wa zai ɓaci, naki?"

"Ga lambar nan a jiki, Yaya, ga hatimi."

"Ni ma ina da hatimi. In buga miki a goshi ki zama zinariya?"

Na leƙo na ce, "Jaswantlal, bari mutumin ya iso mana."

"Kai ka ji da azurfarka, mai kayan yara."

Ya ɗauko almakashin da yake fasa supari, irin goron mutanenmu, da shi. Kokila ta riƙe masa hannu, ta ce, "Don girman mahaifinmu." Ya ce ai don girman mahaifin zai yi. Robar ta yi gardama kaɗan, sannan ta tsage. Ya ɗauki ƙwandalar da yatsun da ya gama cin soyayyen fafda mai maiƙo da su, ya goga gefenta a dutse, ya goga ɗaya gefen don adalci. Ya ɗiga asid a kan zanen da ta bari a dutsen, ya jira. Sai fuskarsa ta yi wani abu mai kama da sakewa.

"Tsantsa ce," ya ce. "Ashe sau ɗaya a rayuwarsa ba a cuce shi ba."

Batliwala ya iso, dattijo mai ƙiba, yana share gumi. Ya ga ɓaraguzan roba a kan tebur, ya tsaya. Ya sa madubi a ido ya duba ƙwandalar ba tare da ya taɓa ta ba, ya daɗe.

"Wane ne ya yi wannan aikin?"

"Ni," in ji Jaswantlal. "Na hutar da kai. Karat ashirin da huɗu ce, tsantsar zinariya, ba algus."

"Na gode, Maigida. Da ka aiko min ta waya, da ka hutar da ni kuɗin jirgi ma." Ya juya ga Kokila, ya sassauta murya. "'Yar'uwa, abin da na zo saye babu shi kuma. Wannan zinariya ce kawai, ko'ina a layin nan za su auna miki ita."

"Ko rabi, ranka ya daɗe?"

"Ko kashi ɗaya a kan nauyi ba zan iya ba. Ga shatin dutse, ga shatin yatsa, har da mai."

Jaswantlal ya ce dama ya sani, duk 'yan Mumbai haka suke, su taya da tsada a waya su zo su nemi dalili. Ya bi shi da wannan har bakin titi. Da ya dawo ya saya daga hannun ƙanwarsa a farashin ranar, ya kuma yafe mata ladan gwaji, abin da bai taɓa yi wa kowa ba. Ya tabbatar duk layin sun ji.

Kuɗin bai kai ko kusa da ɗakin ba. Wani mai sayar da tayoyi ya saye shi. Kokila ta koma gidan yayanta da akwati biyu da hoton mijinta, aka ba ta lungun da ke kusa da madafa. Watan da ta tare ya sallami mai dafa musu abinci.

Yanzu ita ke kawo masa abincin rana a shago. Ta ajiye, ta gaishe ni, ba ta kallon teburin. Shi kuwa in mai ciniki ya zauna, yakan nuna ta da haɓa ya ce, "Ƙanwata ce. Mijinta bai bar mata komai ba, ni nake riƙe da ita."