Hular Alhaji a Bakin Majigi

Ranar Asabar ce, bayan la'asar, a ɗakin taron council da muke haya a unguwar Barking, nan ƙasar Turawa. Akwai ni, da likitoci biyu, da wani direban tasi mutumin zangon Kumasi, sai shugaban ƙungiyarmu ta masu kallon tsofaffin finafinai, wanda kowa ke kira Alhaji.

Ni na samo faifan. Fim ne na Faransa, marar launi, irin wanda a zamaninsa aka yi wa tambarin batsa. A Kano na fara ganinsa ina saurayi, bayan almakashin masu tacewa ya bi ta kansa: mace ta shiga ɗaki da mijinta tana dariya, hoto ya yi tsalle, sai ga ta a tashar jirgin ƙasa tana kuka. Tun lokacin nake son sanin abin da ya faru a ɗakin nan.

Tun ana saura mako Alhaji ya karɓe faifan, wai zai duba domin kare tarbiyyar jama'a. Mafi ƙuruciya a cikin jama'ar nan ya aurar da 'ya.

Da aka ja labule, ya kai kujerarsa gindin majigi ya zauna. Matar ba ta ko taɓa ƙofar ba ya cire hula ya kife a bakin majigin. Bango ya yi duhu. Muna jin Faransanci, fassarar kuwa tana cikin hula. Haka ya riƙa yi duk inda aka zo irin wurin, bai taɓa makara ba, bai taɓa yin gaggawa ba.

Direban ya ce, "Alhaji, hulan nan ya san hanya! Sau nawa ka kalla?"

"Sacrifice na yi saboda ku," in ji shi, ko gezau.

Na ce, "Alhaji, ni na yi booking ɗin ɗakin nan, faifan kuma nawa ne. A ɗaga hular."

"Haba Malam, da furfurarka?"

Tasa furfurar tana ta ƙyalli a hasken da ke tsiyaya ta gefen hular. Likitocin suka sunkuyar da kai, kamar an kama su da laifi.

Da aka tashi, ya jefa faifan a jakarsa, ya ce kwamiti zai ƙara nazari. Shi kaɗai ne kwamitin. Har yau faifan yana gidansa a Abbey Wood, ni kuma ban san abin da ya sa matar kuka ba.